Fambel ɗin Motar Malam Shitu

"…lafiya lau, amarya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kai da na aika ka ɗauko masara, ina masarar?"

Iya Kulu tana zaune kan tabarma a bakin ɗakinta a Tudun Wada, cikin farin mayafin takaba, carbi a hannu. Jibi ne sadakar arba'in ta mijinta, Malam Shitu. Ta ci burin a yi tuwon sadakar da masarar da ya shuka da hannunsa a gonarsu ta bayan Doguwa, wadda bai ga nunarta ba. Jikanta Jamilu ta aika da tsohuwar motar marigayin. Ga shi ya dawo a ƙasa, baƙin mai har gwiwar hannu, da sababbin fambel biyu rataye a wuya.

"Tana cikin mota, motar kuma tana daji. Fambel, bel ɗin injin nan, ya tsinke, ya yi kaca-kaca. Na bar manomin gonar yana gadi, ga hadari yana haɗuwa ta gabas."

Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta dawo da idonta kansa.

"Waɗannan na wuyanka fa? Lefen da ka kawo mini ke nan?"

"Ke da haƙori huɗu, wa zai kai miki lefe? Duk sun yi kaɗan. Mai kayan mota ya tambayi sunan motar, na faɗa, ya ba ni nata. Ashe injin da ke ciki ba nata ba ne. Tsohon mijinki ya ciro na wata motar ya dasa, ya sa aka yi walda nan, aka matsar da can. Babu lambar da ta san wannan inji."

"Igiya ta ƙare a duniya ne, da ba za ka zagaya ka auna ba?"

"Na auna. Igiya nutsewa take cikin kwarmin da fambel yake bi, sai ta yi mini ƙarya."

"Ƙarya dai ta samu ɗan'uwanta. Malam ya fi shekara ashirin yana jan motar nan, ban taɓa jin ya kwana a daji ba."

"Don tsoronki yake ji. Ni da awonsa ma na yi. Na sha jin yana cewa fambel ɗinta gaba guda ne cif. Na tsaya a gaban mai shago na buɗe hannuwana biyu, aka auna, aka ba ni wannan na biyun. Shi ma ya ƙi shiga."

Iya Kulu ta ajiye carbi, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Hannuwan wa ka buɗe?"

"Nawa mana."

"Wayyo ni Kulu! Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zauren nan, shi za ka auna da jikinka? Kai da akuya take leƙa aljihunka ba ta ɗaga kai ba?"

"A hakan za ki aure ni. Ki gama takaba ki gani ko akwai wani a layi."

"Gara in ƙara wata takabar."

Jamilu ya yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu da wuri. Ya tsuguna, ya sauke fambel ɗin daga wuyansa.

"To yanzu ina zan samo hannuwansa, Iya?"

Ta waiwaya ta dubi ɗakinta. Akwatin Malam Shitu na ƙarfe yana bayan ƙofa, tun ranar jana'iza ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba, ita ma ba ta taɓa ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ta ɗan jima kafin ta fito, rungume da shuɗin kaftanin da yake sawa ranar kasuwa, har yanzu da ƙanshin turarensa.

"Kama nan. A hankali, da wannan dattin naka."

Ya kama bakin hannun rigar ɗaya, ta kama ɗayan, suka ja har ya miƙe a tsakaninsu.

"Daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu ke nan," in ji shi. "Saura tafi da yatsu, hagu da dama. Su kuma fa?"

"Miƙo naka."

Ya miƙa. Ta juya hannun, ta dubi faɗin tafin da dogayen yatsun da ba su dace da gajeren jikinsa ba. Ta daɗe tana kallo.

"Sa naka," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Nasa ne sak. Duk jikinka nan kaɗai aka yi abin kirki."

"Ashe dai kin yarda akwai abin so a jikina."

Ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi, ta naɗe kaftanin ta ɗora masa a kafaɗa.

"Na yarda, maigida. Ka kai wa mai shago a auna. Idan masarar ta iso a bushe, ka riƙe rigar. Sai dai ka nemi tela ya rage maka rabi."