Jirgin Alhaji Ɗanjuma

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kori kwastomanmu na ƙarshe da bakina ba.

Lokacin ina aiki a wani ɗan ofishin sayar da tikiti a unguwar Ambassatna. Patron ɗinmu, wato mai ofishin, ya ƙirƙiro sayar da yawon shaƙatawa a jirgin ruwa (a Chadi fa, inda tekunmu shi ne kogin Shari). Mun samu 'yan mutane, sai talabijin ta nuno wani jirgi ya kife, kowa ya zo ya janye. Saura Alhaji Ɗanjuma, wani ɗan kasuwa na unguwar Sabangali, da iyalinsa. Patron ya ce in Alhaji ya fasa, ni ma in nemi hanyar gida.

Ni da kaina na tallata masa tun farko. Na ce jirgi ne mai ɗakunan kwana da gidan abinci, mako guda ana zaga ƙasashe. Ya ce, "Nasara ba abin da ba ya yi," ya amince.

Alhaji bai yi ƙorafin komai ba, amma ni uban iyayi na ɗaura taye a wuya na tafi gidansa in kwantar masa da hankali. Na tarar da shi da baƙi ana shan shayi. Na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, kada labarin nan ya dame ka. Namu kowa da rigarsa ta iyo, ga ƙananan kwalekwale rataye a gefe."

Ya ajiye kofi. "Kwalekwale? A sama?"

"A'a, in ya fara nutsewa..."

"Nutsewa ina? Yaro, wane irin jirgi ka sayar mini?"

Ashe duk wannan jarumtar, shi jirgin sama yake nufi. Na ce na ruwa ne, muryata kamar ta ɗan tsako.

"Kalas, magana ta ƙare!" in ji Alhaji. "Kakana da ƙafa ya taho daga Katsina za shi Makka. Da ya haye Shari aka ce masa akwai wani ruwan a gaba, nan ya sauke kayansa. Shi ya sa ka gan mu a garin nan. Ni ne zan shiga don shaƙatawa?"

Baƙi suka kece da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Kunya ta kama ni, na rasa inda na ajiye takalmina.

Washegari patron ya cika alkawari. Yanzu ko yaro na ji ya ce jirgi, sai na tsayar da shi na ce, "Na ina?"