Ranar da na shige ƙarƙashin teburin Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa ɓata wa Malam Tukur tafiyarsa Jamus ba, ni da na fi kowa son ya tafi.

Malam ne ya koyar da ni Larabci a jami'a a Samaru, daga baya na zama ƙaramin malami a ƙarƙashinsa. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, kuma burinsa ɗaya ne: ya ga takardun da kakansa ya rubuta da hannunsa, waɗanda aka kwashe tun zamanin Turawa, suna ajiye a wata jami'a a Jamus. Da na ji jami'ar tana musayar farfesoshi, su turo mana nasu su karɓi namu na wata shida, sai na ɗauki abin da zafi. Ni ne cike takardu, ni ne sintiri ofis-ofis. Har Sabon Gari na je wurin 'yan gwanjo na sayo masa rigar sanyi, tun ba a ce an ɗauke shi ba.

Matsalar ita ce Malam ba ya iya yabon kansa. Saboda haka ranar da kwamitin jami'ar zai gana da shi ta bidiyo, na saita masa kwamfuta, ni kuma na shige ƙarƙashin tebur don in riƙa yi masa raɗa. (Da digirina biyu da 'ya'yana uku, a tsugune kusa da takalman Malam.)

Shugabar kwamitin, wata Baturiya mai furfura, ta tambaye shi da Larabci irin gudummawar da ya bayar a fagen ilimi. Malam ya ce, "Ai ni har yanzu ɗalibi ne."

Na ja gefen rigarsa. "Allah gafarta Malam, ka ce littafi goma sha biyu ka rubuta!" (Bakwai ne, ni na yi masa ƙari.) Ya janye ƙafarsa. Ta sake tambaya ko zai iya karanta rubutun kakan nasa, ya ce Allah ne masani. Nan fa haƙurina ya ƙare, na manta raɗa nake yi.

"Haba Malam, ka ɗan cika baki mana! Turawan nan me suka sani? Ko ɗari ka ce, wa zai duba?"

Sai na ji muryar matar, da Hausa tiryan-tiryan: "Malam, wa ke ƙarƙashin teburin nan? Ya fito mu gaisa mana, kar ƙafarsa ta sage."

Ashe shekara huɗu ta yi a Hanwa, nan kusa da Samaru, tana bincike! Na fito da rarrafe, kaina ya bugi tebur, hulata ta faɗi. Wallahi ba kunyar kaina ce ta dame ni ba, tunanin na kashe wa tsohon nan burinsa ne ya sa idona ya ciko.

Malam ya dafa kafaɗata, ya ce mata, "Ɗana ne. Son da yake yi mini ne ya fi hankalinsa yawa."

Ta yi dariya. "Littattafan nasa bakwai ne, kuma duk na karanta su. Na takwas muke so ya zo ya rubuta."

Malam ya tafi. Satinsa ɗaya ya kira ni, ya ce, "Na taɓa takardun, ɗana. Tawadar ko dusashewa ba ta yi ba." Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun daga nan na gane mutumin kirki ba ya buƙatar a yi masa ƙari, kuma in taimako zan yi, a kan kujera nake zama. Malam dai bai bar ni na huta ba. Har yau in na shiga ofishinsa, sai ya matsar da ƙafafunsa, ya nuna ƙarƙashin tebur ya ce, "Bismilla, ga wurinka nan."