Keken Baba da Wa'adin Ƙarfe Huɗu

Jama'a, ku yi mini sannu. Jiya Asabar da safe na tura ƙofar ɗakin ɗinkina, ta buɗe kamar taƙi ɗaya ta cije. Na sa kafaɗa na ƙara turawa, sai wani kwali da ke bisa durowa ya ce ga ni nan, ya sauka a tsakiyar kaina ya yi mini wanka da ƙyallaye. Ina tsaye da hannun riga guda a rataye a kunne, maiɗakina ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Sannu Malam. Ɗakin ne yake yi maka maraba, ya kwana biyu bai gan ka ba."

Masu bin wannan fili sun san ni malamin firamare ne, aji biyar. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne ni ɗan tela ne. Da mahaifina ya rasu kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, ni na ce a bar mini keken ɗinkinsa, baƙi, na takawa da ƙafa, wanda a kansa aka ɗinka mini rigar makaranta ta farko. Na ware masa ɗaki sukutum, na tara iyali na yi musu alkawari cewa daga ranar gidan nan ya daina kai ɗinki waje. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Abin da ya tono maganar kuwa, ranar Alhamis na sunkuya zan ɗauki alli a gaban yara arba'in da bakwai, sai fil ɗin da ke riƙe da wandona tun zangon farko ya ajiye aiki ba sanarwa. Sauran darasin a zaune na koyar da shi. Da na dawo gida maiɗakina ta yi dariya har ta nemi kujera, sannan ta share hawaye ta yanke hukunci. Ƙaninta Auta tela ne, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan keken nan. Ta ce ranar Asabar ƙarfe huɗu zai zo da a-kori-kura. In ya iso babu abu ko ɗaya gamamme da ya fito daga ɗakin, keke ya tafi, ɗaki kuma ya koma wurin ajiye buhuna.

"Abu ɗaya tak, Malam," in ji ta. "Ko hular jariri ce. Amma wanda aka gama aka sa a jiki, ba wanda ake kan yi ba."

Na ce ai wannan ba abin tayar da hankali ba ne, sannu ba ta hana zuwa. Ta ce haka ne, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ni na daɗe.

To kun san halin malami, ba ya fara darasi sai ya kira suna. Na samo gwangwanayen madara guda tara na wanke na shanya. Maɓallai farare manya a ɗaya, farare ƙanana a ɗaya, baƙaƙe a ɗaya, waɗanda ba su da 'yan'uwa kuma na ba su nasu gwangwanin na rubuta musu Marayu. Zare na jera shi launi launi. Na ɗauko jan birona na yi wa kowane gwangwani takarda, na ja layi a ƙarƙashi da rula. Daga nan na juya kan ɗinkunan da ke jiran ranarsu. Ga labulen falo an auna an yanka, amma na falon gidan hayar da muka bari shekara tara da suka wuce. Ga rigar maiɗakina mai hannu ɗaya. Ga wanduna bakwai suna jiran zif, ga jakar makarantar ɗana wanda yanzu gemunsa ya fi nawa. Na kasa su cikin manyan kwalaye uku, na rubuta wa na farko Ana Kan Aiki, na biyu An Dakatar Na Ɗan Lokaci, na uku Ana Nazari.

Ina cikin haka maƙwabcina mai facin taya ya leƙo ta taga.

"Malam, gwanjo ka buɗe ba ka gaya mana ba?"

Na kwashe labari na gaya masa. Ya karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana bin baƙaƙen da yatsa, sai ya dafe taga yana ƙyaƙyatawa. "Wallahi Malam ana ɓarnar ka a aji. Da kujera aka ba ka da ka iya ta. Ai wannan rubutun ne a allon bakin kwalbatinmu, har jan layin."

Maganar ta soke ni, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwalbatin bakin layinmu sau uku ana aza harsashinsa. Na farko Mai Girma Sarkin Aza Harsashi ne ya zo da motoci goma sha huɗu da sabon shebur an ɗaura masa ƙyalle, ya zuba siminti cokali biyu, muka yi tafi. Na biyu Mai Girma Garkuwan Alkawari ya zo ya kafa kwamitin da zai binciki dalilin da ya sa na farko bai gama ba. Na uku, Allah ya saka masa da alheri, shi ya yi aikin da ido ke gani, domin ya sake wa allon fenti. Har yau in ruwa ya sauka a kan katako muke tsallakawa, takalma a hannu. Sau huɗu ina rubutu a kan kwalbatin nan a wannan fili. Ashe laifi tudu ne, ina tsaye a kan nawa ina hango na wasu.

Mai faci ya ba ni shawara irin ta maƙwabtaka. "Ka yi yadda manya suke yi. Ka ɗaura ƙyalle a bakin ƙofa, ka kira uwargida ta yanka, ka ce an kammala kashi na farko. Mu haka ake yi mana, kuma ga mu nan ba mu mutu ba."

Ban ɗaura ƙyalle ba, amma na kira ta ta ga aiki. Ta shigo hannu a baya kamar mai duba makarantu. Ta buɗe gwangwanin Marayu ta rufe, ta shafa takardun, ta gyaɗa kai.

"Ma sha Allah, Malam, rubutu kamar na inji. To wanne zan saka? Kwalin ko gwangwanin?"

Na duba agogo, biyu da rabi.

A nan na gane ɓarnar da na yi wa kaina. Saboda son tsari na jera kwalayen da gwangwanayen reras tun daga bango har bango, manya a ƙasa ƙanana a sama, keken kuwa yana can bayansu, ko kansa ba a hangowa. Aikin awa shida na rushe cikin minti goma. Marayu suka zube suka koma cikin dangi. Da na isa wurin keken na taka, ya ƙi motsi, ya yi mini irin kallon da nake yi wa yaron da ya dawo bayan ya yi zango guda ba ya zuwa. Na ɗiga masa mai, na ɗaure igiyarsa da ta saki, na lallashe shi da hannu. Can ya yi ƙara, ya juya, sai ga sautin nan da na tashi da shi a kunne tun ina rarrafe a shagon Baba. Ban ɓoye muku ba, sai da na cire tabarau na goge.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni dole na fafe. Na zazzage kwalin Ana Nazari na nemi mafi ƙanƙantar abu, na samu wata 'yar riga ruwan ɗorawa mai furanni, saura ɗinkin gefe da kalmasar ƙasa da maɓalli uku. 'Yata na yanka wa ita lokacin tana shekara huɗu. Yau 'yar tawa ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yarta mai shekara huɗu tana gidanmu hutun ƙarshen mako, ga ta can tana bin kaji. Na ce to, mai aiki dai ya makara, amma mai sakawa ta iso.

Ƙarfe huɗu ta buga ina tsakiyar gefe na biyu, zare ya cukuikuye a ƙasa. Duk motar da ta gifta sai na leƙa taga. Huɗu da rabi shiru. Ƙarfe biyar wayar maiɗakina ta yi ƙara, ta buɗe muryar don in ji.

"Yaya, ina layin mai tun hantsi! Saura mota goma sha ɗaya a gabana suka ce famfo ya tsaya. Ki ce wa Yaya Malam ya goge mini kekena, ina nan tafe."

Jama'a, ni da na ƙarar da biro nawa ina kuka da layin mai, jiya na ɗaga ido sama na ce Allah ka ƙara wa famfon nan nauyi. Na san ban kyauta wa sauran mutum goma sha ɗayan ba, ina neman afuwarsu.

Dab da magariba a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Auta ya shigo da igiyar ɗaure kaya a kafaɗa, ya tarar da jikata tana juyi a tsakar gida cikin rigar, hannu biyu a cikin aljihu tana ihu, "Kaka ya yi mini mai aljihu!" Ya tsuguna ya juya kalmasar, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya Malam, wannan ɗinki ne ko sawun maciji? Yaron da ya yi mini haka a shago ai sai ya farke."

"An gama?" in ji maiɗakina.

"An gama dai, amma ai wa'adi ƙarfe huɗu ne."

"Cewa na yi in ka iso. Yanzu ka iso. An sa a jiki?"

Ya dubi yarinyar, ya sauke igiyar. "Yini guda a layi, in koma hannu rabbana!"

Keke dai ya kwana a gida. Sai dai an ƙara mini mako ɗaya ne kawai, Asabar mai zuwa hannun rigarta ake jira, kuma an ce Auta ya sha mansa tun ranar Juma'a.

Don haka ina miƙa godiya ta musamman ga masu girma da suka tsara mana wannan ƙarancin mai. Allah ya ja zamaninku, yau dai ga talaka ɗaya da ya amfana, sai a sa a cikin jawabi. Na kuma gaya wa mai faci cewa abin da shekara ashirin da biyu ba su sa ni na yi ba, mota ɗaya ta sa na yi shi cikin yini guda. Na ce da za a samu a-kori-kura a ƙofar kowane babban ofis, direba na zaune da igiya yana jiran ɗaukar kujera ƙarfe huɗu, da mun ga aiki. Ya ce shawara ta yi kyau, Malam, amma a wane gidan man za ta sha?