Rasuwar Oba-obata a Tasha ta Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, nake sanar da rasuwar oba-obata, 'yar na'urar da muke kiran juna da ita a hanya, abokiyar tafiyata ta shekara tara a motar ƙarshe ta ayarin manyan motocinmu biyar. Ta cika ranar Talata a tafin hannuna.

Marigayiya ba ta da surutu. "Shhh, ƙit," za ta ce, ta isar da saƙo, ta yi shiru. Duk rayuwarta a tasha ta bakwai ta yi, wadda muka zaɓa tun farko domin babu kowa a kanta sai mu.

Ajalinta ya biyo ta hannun sabon jagoranmu, wanda muke kira Na-Sani. Shi ya yanke cewa tasha ta ɗaya ta fi ƙarfi, wai manya a lamba ɗaya suke zama. Ya sanar da sauran direbobi a wurin shan shayi cewa an koma can, ni kuwa ina ƙarƙashin mota ina duba birki, babu wanda ya leƙo.

Da tayata ta fashe cikin ruwan sama, na yi ta kira a bakwai har muryata ta dushe. Na bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya har na same su a ta ɗaya, cunkushe da masu gadin wani sito, ga Na-Sani a tsakiya ya danne maɓalli yana ba da labarin ƙwallo. Na hau rufin mota ko za a ji ni. Nan marigayiya ta sha ruwa, ta yi tari sau biyu, ta tafi.

Na-Sani ya rantse wa mai motoci cewa ban kira ba, aka dakatar da ni. Shaidata ɗaya ce a duniya, ita ce kwance. Ban yafe ba.

Ta bar caja ɗaya, eriya mai lanƙwasa, da ƙanne huɗu a hannun marasa amana.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ayari. An ware wa Na-Sani motar ƙarshe, mai tsohuwar taya. Direbobi uku sun zo ta'aziyya, sun san maƙabartar, sun san tashar da za mu hau. Iyalai na roƙon jama'a kada kowa ya faɗa masa.