Mai Faci da Gyaran Haraji

Wani mai faci ne, yana bakin titi yana liƙe taya, sai ya ji rediyo na cewa gwamnati ta yi wa haraji gyara, kuma man fetur ɗin da ke ƙasar na kowa da kowa ne.

Ya yar da tayar, ya ruga gida.

"Maman yara, juye ruwan babbar jarkar nan ki ba ni!"

"Ruwan shan namu? Lafiya?"

"Haraji zan je biya. Yanzu gyara suke bayarwa. Mai tumatir ma in ka saya yana ƙara maka biyu, balle gwamnati mai rijiyar mai!"

Ta ce, "Kai da ko hanyar ofishin ba ka sani ba?"

Ya ce, "Da can ai babu gyara."

A hanya ya aro baro wajen ƙaninsa, kada nauyi ya karya masa ƙugu a dawowa. Ya kuma yi wa masu babur alkawarin mai a rabin farashi.

A ofis, ma'aikaci ya gyara tabarau ya ce, "Baba, nawa kake samu a wata?"

Gogan naka ya yi tunani: babban ciniki, babban gyara. Sai ya ninka abin da yake samu sau goma. Ya ga ma'aikacin bai girgiza ba, ya ƙara da cewa, "Ban da ranar kasuwa."

Ma'aikaci ya ce, "Ikon Allah! Da ƙaramin mai sana'a ne kai, sabuwar doka ta yafe maka gaba ɗaya. Ashe babban mutum ne." Ya danna na'ura, ya miƙo takarda.

Mai faci ya ga yawan harajin da aka yanka masa. Ya daure ya ce, "Ba komai, ɗana. Ku cire daga kasona na mai, ku zuba min ragowar."

"Wane mai?"

"Na kowa da kowa mana! Ko ni ba kowa ba ne?"

Ma'aikacin ya danne dariya ya ce, "Baba, ai naka kason yana ƙarƙashin ƙasa, ba a haƙo shi ba tukuna."

Mai faci ya mayar masa da takardar ya ce, "To madalla. Kuɗin harajin ma can na ajiye su. In kun haƙo, ku ɗauka."