Ranar Da Na Bar Lasifika A Kunne

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ba, ranar da na yi kuka a cikin motar kashe gobara, rabin unguwa na saurare.

Bari in ɗauko daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ni shugaban rukuni ne a ofishinmu na 'yan kwana-kwana a nan Katsina. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san aikina, yaran da ke aiki a ƙarƙashina kuma sun san ni. Ba na dariya cikin kaki, ko ƙosai ban taɓa ci a gabansu ba. (Matata ta ce ko a gida fuskata kamar ta wanda ya kawo sammaci.)

Mutum ɗaya ne ya san ni da gaske, Malam Lawal direbanmu, mutumin unguwar Gobarau. Duk ranar da muka dawo daga mummunan aiki, gobarar da ta ci rai ko gawar da muka ciro daga rijiya, sai yara su sauka, mu biyu mu zauna a gaban mota. Ya fasa goro ya miƙo mani rabi. In mun gama tauna ya ce, "Oga, mun yi iya yinmu, sauran na Allah ne." Shi ke nan, in koma gida in yi barci.

Bara Allah Ya karɓi abinsa bayan gajeriyar rashin lafiya. Na je jana'iza, na tsaya ƙyam kamar a fareti, na dawo bakin aiki. A zatona na wuce wurin.

Sai aka kira mu Ƙofar Ƙaura, ƙasa ta rufta wa wani mai yasar rijiya. Muka ciro shi ba rai. Da muka dawo ofis yara suka sauka, sabon direbanmu Isiya shi ma ya kashe mota ya sauka (ina ya sani, bawan Allah?). Na waiwaya, kujerar babu kowa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mani.

Asabe ƙanwar matata, wadda ke aikin jinya a sashen gaggawa, ita ta fara tunkarata.

"Yaya, ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"To me ya sa Anti ta ce jiya ka yi wa buta faɗa?"

Ta karɓi wayata ta saka ni cikin wani zauren tattaunawa na masu aikin ceto: 'yan kwana-kwana, direbobin motar asibiti, ma'aikatan jinya, daga garuruwa daban-daban. Akwai wata likita da ta karanci damuwar zuciya, ita ke jagorantar zama duk Laraba bayan la'asar. Murya kawai ake ji, ba a ganin fuska, ba muƙami, kowa da sunan aro. Asabe ta zaɓa mani Tantabara.

Na ce, "Asabe, duk halittun Allah, babu zaki babu giwa?"

Ta ce, "Zakuna sun yi yawa a ciki, Yaya, kuma duk kuka suke."

Na yi makonni ina saurare kawai. Wani direba daga Sakkwato ya ce har yanzu ba ya iya cin gasasshen nama. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ko jiniyar wasan yara ta ji sai gabanta ya faɗi. Ni dai abin da ya fara burge ni shi ne tsari: ba mai katse wani, kuma likita ta koya mana jan numfashi daki-daki, a ja, a riƙe, a saki. Na ce a raina, lallai matar nan da ta yi kyau da kaki.

Matsalata ita ce wurin ɓuya. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, ƙofarsa ba ta rufuwa. Sai na ga babu inda ya fi gaban mota, tun da dama duk yamma nakan duba ta da kaina, kuma na kafa doka mai tsanani cewa in ina duba mota kada wanda ya matso sai na kira shi. Yadda nake bi kullum shi ne ruwa, mesa, jiniya, sannan lasifika.

A nan sai na yi bayanin lasifikar. Abin maganarta yana da maɓallin da sai ka danne ake jin ka. Malam Lawal bai son sakin sitiyari in yana kora mutane daga hanya, don haka ya yanko robar tayar keke ya ɗaure maɓallin a danne. Daga makunnin da ke gaban direba ake kunnawa da kashewa. Bayan rasuwarsa Isiya ya so ya cire robar, na daka masa tsawar da har yau bai san dalilinta ba.

A Larabar da na faɗa maku na makara. Na duba ruwa, na duba mesa, na ɗan taɓa jiniya, na kunna lasifika na ce, "Gwaji, gwaji." Sai waya ta yi ƙara, an fara zama. Na ɗage gilashi, na cusa abin sauraro a kunnuwana biyu, na ajiye abin magana a cinyata. Ni da ban taɓa tsallake mataki ba tun da na sa kaki, na manta makunni.

Likita ta ce, "Yau ko Tantabara zai ce mana wani abu?"

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na gyara murya na ce, "Assalamu alaikum. Tantabara ne daga Katsina."

(Ku tuna, lasifikar nan an yi ta ne don a ji ta a tsakiyar kasuwa.)

Na ba su labarin goron. Na ce har yanzu in na shiga motar sai in ji kamar zai buɗe ƙofa ya ce, "Oga, ka matsa, ƙafarka na kan giyata." Na ce nakan sayi goro in manta in fasa biyu, sai in rasa yadda zan yi da rabin. Na ce ina da yara masu ƙwazo, amma duk tsorona suke ji, babu wanda zai iya ce mani mun yi iya yinmu. Daga nan kuka ya taso mani. Likita ta ce in ja numfashi. Na ja, na riƙe, na saki. Daga baya an ce mani a waje sautin kamar sa ya faɗa kwata. Sannan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, har da jan majina.

Duk wannan yarana na tsaye a harabar ofis, an rasa mai matsowa, saboda dokata. Sai da abin ya kai inda ya kai, Bishir, wanda ya fi su daɗewa a aiki, ya tako a hankali. Ya tsaya jikin gilashi, ya ƙame, ya sara mani (doka ce ita ma), sannan ya nuna makunni da yatsa.

Na cire abin kunne. Na ji shessheƙata na dawowa daga bangon masallacin da ke kallonmu.

Na kashe. Na share fuska da hula. Na buɗe ƙofa na sauko. A bakin get mai shayi ya tsaya da kofi a hannu, mai awara na goge ido da mayafi, 'yan kabu-kabu duk sun kashe mashinansu. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya, da zuciya ɗaya kuwa, ya ce, "Allah ba ka haƙuri, Malam Tantabara!"

Na dubi yarana na ce, "Lasifika na aiki." Na shige ofis.

Na koma gida da niyyar neman canjin wurin aiki. Aikinmu ba na wasa ba ne. In na ce wa yaro ya shiga hayaƙi, ba shi da lokacin tunani, dole ya yarda cewa mai umarnin ƙafarsa a ƙasa take. Wa zai bi mutumin da ya ji yana jan majina ta lasifika?

Washegari na fito fareti ina jiran dariya. Suka jeru, takalma na ƙyalli, ba wanda ya motsa. Na sallame su, suka ƙi watsewa.

Bishir ya ce, "Oga, a ba ni izinin magana."

"Faɗi."

"Ba kai kaɗai ba ne. Ni tun da Malam Lawal ya rasu ban ƙara bi ta layin gidansu ba, zagayawa nike. Kuma akwai abin da ba ka sani ba. Lokacin da yana raye, in ka fita, shi ke kwaikwayonka mamu."

"Lawal?"

"Wallahi, Oga. Har sai mun riƙe ciki."

Na ce, "Yi mani yadda yake yi."

"Oga, ka rufa mani asiri."

"Umarni ne."

Bishir ya shafa gemu kamar yadda Lawal ke yi, ya ɗan karkata kafaɗa irin tasa, ya tura ciki gaba, ya maida hannuwa baya, ya taka kamar mai auna fili. Ya shaƙe murya ya ce, "Wane ne ya bar bokitin nan yana kallon arewa?"

Ni ake kwaikwayo, amma ba ni na gani ba. Lawal na gani, tsaye a harabar ofis da rana tsaka, yana yi mani shaƙiyancin da bai taɓa yi a gabana ba. Dariya ta ƙwace mani cikin kaki, hawaye na bin ta. Isiya, wanda bai san marigayin ba, ya ce, "Oga, don Allah a sake, ban gani da kyau ba." Aka sake.

Ban nemi canjin ba. Da aka kira mu gobara bayan nan na ce a shiga, aka shiga, ba wanda ya waiwayo. Zauren ma ban bari ba, yana taimakona, yanzu Bishir na ciki, sai dai ya ƙi faɗa mani sunansa na aro.

Darasin da na ɗauka bai yi mani daɗi ba. Na kwashi kewata na kai wa mutanen Sakkwato da ba su taɓa ganin Lawal ba, alhali waɗanda suka fi ni sanin wani gefensa na tsaye bayan gilashi, dokata ta hana su matsowa. Na soke dokar. Amma duk mai shirin yin kuka a mota, shawarata ita ce ya fara da makunni.