Yadda Za Ka Rantse Ba Ka Ƙara Cin Hatsin Yayanka

"To kada ka ci," in ji Yaya Tanimu.

"Wallahi ba ni ƙara cin hatsin rumbunka."

"Rumbun da ka ce hannunka ya hi ƙarhin baibaye shi?"

"Shi."

"Madalla. Inna, rage ɗumame."

Haka muka yi da yayana da sassafe, cikin ɗari, a ƙauyenmu na kusa da Gangara. Na gama lakol, makarantar boko, a Maraɗi, ƙasa ta samu 'yancin kai, an ce buro-buro, ofisoshin gwamnati, na neman masu takarda. Har yau babu wanda ya neme ni. Shi ya nome gona, ni na zauna jira. In kai ma haka kake, bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ka nuna wa gidanku ba ka dogara da kowa ba, girmanka kuma ba zai ragu ba. An gwada. Ni na gwada.

1. Ka rantse kafin ka karya kumallo

Rantsuwar mai ƙoshi ba ta burge kowa. Ka bari sai kunun tsamiya na tururi, ɗumame ya fara kama gindin tukunya, sannan ka kira sunan Allah. Kada ka dubi wajen murhu.

2. Ka ce shan iska za ka

Malamanmu Faransawa haka suke yi ran Lahadi, hannu a baya, ba su neman komi. Ka sa rigar lakol mai gajeren hannu. Gwado ka bar shi, ai na yayanka ne. In wani ya ga haƙoranka na haɗuwa, ka tuna mai ilimi ba ya rawar ɗari, tunani ne ke girgiza shi.

3. Ka kalli daji

Yana da kyau, ba zan ɓoye ba. An cire amfani, gonaki sun buɗe, ido na kaiwa nesa. Gawo ya yi kore shar alhali sauran itace sun zubar da ganye. Ga sawun kurege a rairayi, ga kurciya biyu bisa kalgo. Ka tsaya ka yi nazari a kan makomar ƙasa. In ka lura kana kallon kurciya kana tunanin yaji, ka sauya hanya.

4. Ka ci na Allah

Magarya ba ta da rumbu. Aduwa ma haka. Ka ci, ka ji daɗin 'yanci. Magarya sai dai ta tuna maka da yunwa. Aduwa kuwa a cikin da babu komi tana da nata ra'ayi, saboda haka ka san inda sabara ta yi duhu tun kafin ka fara.

5. Ka ga ruga ka nuna ba ka gani ba

Rana ta take. Can ga shanu kwance a wata gona, ga bukkoki. Ka wuce a hankali, a hankali ƙwarai, har a kira ka. Ni dattijo Gidaɗo ya kira ni, mai shanun.

"Ɗan lakol, ina za ka babu gwado?"

"Shan iska, Baffa."

"Ka sha ta ishe ka? Kadi, dama mishi."

Matarsa ta dama fura da nono mai kauri, har da ɗigon mai a sama. Ka ce ka ƙoshi sau ɗaya, don al'ada. Kada ka faɗa sau biyu, wasu na yarda. Na shanye, na suɗe ludayi, ta ƙara. Nan na ji na yi nasara: ga ni a ƙoshe, ba da hatsin Tanimu ba.

6. Kada ka yabi furar

Wannan matakin ne mai muhimmanci. Ka yi godiya ka tashi. Ni na tsaya.

"Inna Kadi, wannan gero ina kuka samo shi? Ya hi na gidanmu."

"Na gidanku ne."

Gidaɗo ya nuna ƙasan da nake zaune. "Gonar nan Tanimu ya sare ta kana lakol. Shanuna na kwana su zuba taki, shi ya ba mu dami. Jiya ma ya kawo, a kansa."

Ka ce, "Haka ne, na sani." Ka miƙe. Abin da ya shiga ciki ba a mayar da shi ƙwarya.

7. Ka koma gida da fuskar mai azumi

Ba za ta yi aiki ba. Kadi na kai nono ƙauye da la'asar, kuma ta fi ka sauri. Na iso da magariba. Rumbu ya samu sabon jinka, Tanimu shi kaɗai ya ɗora. An hura wuta a tsakar gida. Ga akushin tuwo da miyar kuka tsakaninmu, ya ci gefensa, ya bar nawa ko taɓawa bai yi ba. Bayan hannunsa duk yankan ciyawa ne. Ka zauna nesa kaɗan. Sannan ka matso, saboda wuta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin mura, ko ɓacin ciki, ko dariyar mata a bakin rijiya. Batun rantsuwa kuwa tsakaninka ne da Mahaliccinka. Innarmu ta riga ta aika an tambayo liman, ya ce kaffara ciyar da miskinai goma ce. Ta faɗa tana gyara itace, ba ta dubi kowa ba.

Tanimu ya turo mini akushi da ƙafa.

"Ci, ya huce. Su goman nan, daga rumbun wa za a auno musu?"